Nuna Mini da Yatsa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu wata Talata da hantsi a tsakiyar damina, kafin azahar an kai shi. Ni ban sami jana'iza ba. Saƙo ya iske ni washegari a garin da nake koyarwa, can bayan Kano, ta bakin wani direban babbar mota. Ya tambaye ni ko ni ne ɗan tsohon magatakardan alƙali na Wudil. Na ce ɗan ƙanwarsa ne. Ya ce to, ai duk ɗaya, sai haƙuri. Na iso ranar sadakar uku.

Zauren da aka yi zaman makoki ba wani babba ba ne, amma bai cika ba. An shimfiɗa tabarma uku, biyu sun isa. Liman ya ce marigayi mutum ne mai gaskiya, ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, ya fasa, ya ce a yi fatiha. Mai unguwa, wanda sa'ansa ne, ya fi kowa fitowa fili. Ya ce marigayi mai wuyar sha'ani ne, tun suna yara bai taɓa tashi daga hira da shi da daɗin rai ba, amma da za a ce ya tafi Makka a ƙafa ya bar wa wani amanar iyalinsa, shi zai bar wa. Wani dillalin shanu ya ce ya taɓa rasa shari'a saboda Kawu ya ƙi ƙara kalma ɗaya tak a bakin shaida, ya ce ya yafe, amma yadda ya faɗa ya nuna da sauran abu a ƙasa.

Sai wani mai goro na tasha, wanda ban sani ba, ya kama hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya ce gobe Juma'a, bai san yadda zai yi da bencinsa ba. Na ce Allah ya ba mu haƙuri, don ban gane zancen ba, ban kuma tambaya ba.

Kuka kuwa na mutum ɗaya na ji a gidan duka, ƙasa-ƙasa, daga cikin gida. Da na leƙa sai na ga wata tsohuwa ce daga Lajawa. Na gane ta, abin kuma ya ɗaure mini kai, don a sanina in akwai wanda bai kamata ya yi wa Kawu kuka ba a duniya, to ita ce. Zan zo kanta.

Yanzu an yi arba'in, an naɗe tabarmi. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, gidan ma ana zancen wanda zai ja katangarsa ya haɗa da nasa. In ban rubuta ba, nan da shekara biyu ba mai ambatonsa sai in an tashi ba da misalin taurin kai. Shi ya sa na ɗauki alƙalamin nan, wanda dama nasa ne.

Kawu ya yi shekaru yana rubuta maganar shaidu a gaban alƙali, da ajami tukuna, sai da ya fara furfura ya koyi boko, ya kuma iya shi fiye da mu da aka kai makaranta. Aikin nan ya bi masa jiki har ya hana shi zama da mutane yadda ake zama. In ka ce masa ina gajiya, wani sa'in sai ya ce akwai. In ka ce yaya gida, ya ce gidan shi kaɗai ne, ga shi kana ganinsa. Matarsa ta rasu tun ban yi wayo ba, 'ya'yan da suka haifa biyu ba wanda ya kai yaye. Da mahaifiyata ta rasu, shi ya ɗauko ni. Ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, ya kai ni elementare da hannunsa, amma ko sau ɗaya ban ji ya ce "ɗana" ba. In wani ya ce Malam, ɗanka ya girma, sai ya gyara masa, ya ce ɗan ƙanwata ne. Ina yaro abin yana yi mini ciwo, na girma ma bai daina ba.

Abin da ya haɗa mu na gaske shi ne faɗuwata jarrabawa. Na gama elementare na yi shekaru ina taya malamai riƙe ƙananan aji, sai na shiga jarrabawar zuwa makarantar horon malamai. Lissafi bai ba ni tsoro ba. Takardar karatu kuwa, wadda ake ba ka ɗan labari ka karanta, a yi tambaya, a jera amsa uku ka ja layi ƙarƙashin ɗaya, na ɗauke ta abin wasa. Na fito ina cika baki a bakin gada cewa ko makaho zai ci ta. Da sakamako ya zo, ita ta kayar da ni.

Kawu bai yi mini faɗa ba, kuma bai ba ni haƙuri ba. Ya ce in tuno masa tambaya ɗaya. Na ce labarin wani manomi ne da ya kora jakinsa zuwa kogi, ya tarar ruwa ya kawo, ya juya gida, aka ce me ya sa ya juya. Ya ce me na zaɓa. Na ce na zaɓi cewa jaki yana tsoron ruwa, ai kowa ya san haka, ko yaron goye. Ya sa na rubuta labarin yadda na tuna shi, ya tura mini takardar gabana.

"Nuna mini da yatsa."

Na duba sama na duba ƙasa, babu. Ya ce jakunan duniya suna tsoron ruwa, ba gardama, amma ni ba jakunan duniya aka tambaye ni ba, jakin takarda aka tambaye ni. Ya ce ya sha ganin irin wannan a gaban alƙali: mutum ya zo ya faɗi gaskiya tsantsa, amma ba ya wurin lokacin da abin ya faru. Irin wannan shaida, a ce masa an gode, a sallame shi.

Daga ranar ya mai da ni aikinsa. Kullum bayan la'asar muna zaure, shi a kan buzunsa, ni a bakin ƙofa inda haske yake. Da kansa yake ƙirƙiro labaran a bayan tsofaffin takardu, ya yi tambaya, ya jera amsa uku, sannan ya juya takardar ya rubuta amsar gaskiya da jar tawada, ya kife. Amsoshin nan shaidu yake ce musu. Ya ce a cikin uku ɗaya ne ya ga abin da ya faru, biyun an yi musu wanka ne an kawo su, kuma wanda ya yi musu wankan ya san aikinsa. Akwai wanda yake kira mai rigar aro, wato amsar da ta kwaso kalmomin labarin ta yafa, kana ganinta ka ce ai na ga wannan a ciki, alhali ta juya maganar baya ta koma gaba. Ya hore ni da amsar da take cewa kullum, ko duka, ko ko kaɗan, ya ce shaidan da ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba, a sa masa ido. In na yi gaggawa sai ya ɗauke fensirin ya sa a aljihu, ya ce in karanta tambayar in amsa ta a raina tukuna, kafin in bari shaidu su yi mini magana.

Wallahi na sha wuya. Akwai ranar da na ce masa ai wannan mugunta ce, mutum ya zauna ya haƙa wa yara rami. Ya ce ramin takarda ba ya karya ƙafa, gara in faɗa nan in saba.

Wata rana ya ba ni labarin wani falke da ƙanensa ya yi fushi ya bar gari. Falken ya yi ta cigiya, shekara ta zagayo, ran nan yana zaune sai ya ji an yi sallama a ƙofar gida. Nan labarin ya tsaya. Tambaya: wa ya yi sallama? Ta farko ta ce ƙanensa, ta biyu ta ce mai unguwa, ta uku ta ce labarin bai faɗa ba. Ko tsayawa ban yi ba na ja layi ƙarƙashin ƙanensa. Kawu ya juya takardar, jar tawada ta ce ta uku. Na yi gardama, na ce to wa zai zo in ba shi ba? Sai ya ce:

"Kai ne ka ji tausayin falken, ka dawo masa da ƙanensa. Duk cikin shaidun zur wannan ya fi haɗari, don ba daga waje yake zuwa ba. Abin da ranka yake so shi yake faɗa maka."

Shekarar da ta biyo na ci jarrabawa. Na zo da gudu na gaya masa, ya ce madalla, in ja ƙyauren kada akuya ta shigo. Iyakar murnar ke nan. Sai da na isa makaranta na buɗe akwatina na tarar da alƙalaminsa na kotu a naɗe cikin tsumma, a ƙarƙashin riguna.

To, ga abin da ya raba mu, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Na gama horo na dawo gida ina jiran a tura ni wurin aiki, kai ya yi girma, ana ce mini Malam. Ranar kasuwa mutanen ƙauye sukan kawo wasiƙa zauren Kawu a karanta musu, sai na karɓi aikin. Wata Juma'a wannan tsohuwa ta Lajawa ta zo da wasiƙar ɗanta, wanda ya tafi haƙar kuza ya yi shekaru bai waiwayo ba. Wasiƙar ba ta fi layi huɗu ba: yana lafiya, aiki da wuya, a gai da kowa da kowa. Na karanta mata. Ta ce, ɗan nan, bai ce zai zo ba? Na dubi fuskarta, na dubi ƙafafunta da suka yi futu-futu da tafiya, na ce ya ce yana nan tafe da babbar salla.

Kawu yana gefe yana ɓare goro. Ya miƙo hannu ya karɓi wasiƙar, ya duba, ya mayar mini, a gaban mutane wajen shida.

"Nuna mini da yatsa."

Tsohuwa ba ta iya karatu ba, amma ba wawiya ba ce. Ta dube ni, ta dube shi, ta karɓi takardarta ta ƙulle a bakin zane, ta fita tana share ido. Raina ya ɓaci, kunya ta haɗu da fushi, na faɗi maganar da har yau nake jin ɗacinta a bakina. Na ce, Kawu, wannan halin naka ne ya sa gidanka ba kowa. Ya gama tauna goronsa, ya ce:

"Ba haka aka yi ba. Mutuwa ce."

Magana zarar bunu. Kwana biyu bayan nan takardar aiki ta zo, na ɗauki akwatina, na yi masa sallama irin ta baƙo, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Shekara uku ban taka Wudil ba. Ba nisa ne ya hana ni ba, motocin Kano suna zuwa kowace Juma'a, hutu kuma ana yi mana. Da fari fushi ne, da fushin ya huce sai kunya ta gaje shi, ita kuwa ba ta hucewa. A raina tambaya ɗaya ce take yawo, in kwanta da ita in tashi da ita: bayan abin da na faɗa, yana son ganina kuwa?

A ƙarshen ranin da ya wuce wasiƙarsa ta zo, ita kaɗai ce ya taɓa aiko mini. Ga ta nan a gabana. Bayan gaisuwa ya ce ƙafa ta matsa masa, bana ba zai yi noma ba. Ya ce ya sa an yi wa ɗakina sabon yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ya ce in riƙe aikina da kyau. Shi ke nan, sai sa hannu. Na karanta ta ya fi sau goma, ni da nake koya wa yara yadda ake gane amsar yaudara, na ce to, ya ce in riƙe aikina, wato in zauna inda nake. Na rubuta masa amsa mai ladabi, na yi masa sannu da ƙafa, na ce ina nan riƙe da aiki. Da zai ce in nuna masa da yatsa inda ya ce kada in zo, da ban samu ba. Amsar da ta fi mini sauƙi na zaɓa, don zuwa yana nufin in durƙusa in ce na yi kuskure.

Ranar sadakar uku, da mutane suka watse, tsohuwar Lajawa ta sa aka kira ni. Ta ce mako guda bayan abin da ya faru a zaure, sai ga Kawu a ƙofar gidanta a kan jakin aro, da takarda da tawada. Ya ce mata bai zo ba da haƙuri ba, don bai yi ƙarya ba, ya zo ne ya rubuta mata amsa. Ta fara jero gaisuwa, da labarin damina, da akuyar da ta haihu. Ya ajiye alƙalami ya ce mata, Iya, me kike so? Ta ce tana so ta ga ɗanta kafin ta mutu. Ya ce to shi za a rubuta, takarda ba ta da ido, ba za ta ga hawayenki ta kai masa ba. Haka ya rubuta, ba ƙari. Ta ce kafin a yanke gero ɗan ya dawo, kuma bai koma ba, shi ne ma ya rako ta yau, yana waje yana jira.

Na fita bayan gida na tsaya a jikin ɗakin nan mai sabon yaɓe, na yi fushi da mamaci, Allah ya yafe mini. Ashe ya san haka! Ya hau jaki har Lajawa ya koya wa wata ta faɗi abin da ke ranta a fili, shi kuma da ya tashi rubuto mini sai zancen yaɓe. Ya koya mini kada in karanta abin da ba a rubuta ba, sannan ya ƙi rubutawa. Amma fushin bai je ko'ina ba, don na san wanda ba ya son ganinka ba ya gyara maka ɗaki. Hali zanen dutse, nasa da nawa.

Washegari Juma'a. Gari ya cika da kukan shanu da ƙugin motoci, gidan kuwa ni kaɗai. Maƙwabci ya kawo mini mabuɗin akwatin ƙarfen Kawu, ya ce har ƙafa ta kwantar da shi bai daina rubuta wa 'yan unguwa masu shirin shiga makarantar Midil irin takardun nan ba. Na buɗe. Suna nan jere, an ɗaure su da zare, kowace in ka juya ga amsarta da jar tawada. Ta saman ba a ɗaure take ba, rubutun kuma ya yi rawa, da alama ita ce ta ƙarshe.

Labarin wani tsoho ne. Kowace Juma'a yakan dogara sanda ya tafi tasha, ya zauna a bencin wani mai goro. In mota ta tsaya sai ya miƙe ya dubi masu sauka ɗaya bayan ɗaya, har ta zama wayam, sannan ya koma ya zauna. Ba ya saye, ba ya sayarwa. In motar ƙarshe ta sauke, ya yi wa mai goro sallama ya koma gida. Tambaya: me ya sa tsohon yake zuwa tasha? Ta farko, don ya sayi goro. Ta biyu, don yana jiran ɗansa. Ta uku, labarin bai faɗa ba.

"Ɗansa" ya rubuta, ba ɗan ƙanwarsa ba. Na sa yatsa a kan kalmar na daɗe ban ɗaga ba.

Na juya takardar in ga jar tawada. Babu komai. Duk cikin akwatin ita kaɗai ce bai rubuta wa amsa ba.

Na san doka, shi ya koya mini ita. Ta farko mai rigar aro ce, ta ari goro daga labarin. Ta biyu ita ce shaidan nan da ya ce ya fi kowanne haɗari, mai faɗa maka abin da ranka yake so. Ta uku ita ce daidai, duk wanda ya zauna a zauren nan ya sani. Ba wanda zan tambaya, mai jar tawadar yana maƙabarta.

Ya Allah, ka jiƙan wannan bawa naka da ya tsare harshensa daga ƙarya har ya tsare shi daga abin da ya kamata ya faɗa. Ka yalwata masa kabarinsa, ka ba shi abokan zama a can, don a nan ya zauna shi kaɗai. Ka yafe mini rabona a cikin wannan kaɗaici.

Na zauna a bakin ƙofa inda haske yake, na ɗauki fensir, na ja layi ƙarƙashin ta biyu. In kuskure ne, Kawu, ka kayar da ni, na yarda. Sannan na sa takalmi na tafi tasha, don mai goro ya ce bai san yadda zai yi da bencinsa ba.